Aboboyar Moro Mai Shan Rana

Duk faɗin Maamobi babu wanda ya taɓa kiran Moro da Injiniya sai Moro da kansa. Shi ya rubuta sunan da jan fenti a goshin ɗan shagonsa na katako da ke bakin titi, inda yake sayar da cajar waya da tocila da ƙwan fitila, yana kuma karɓar gyaran fanka. Fankar da ta shiga hannunsa tana juyi a hankali takan fito ba ta juyi sam, amma mai ita ba zai bar wurin ba sai Moro ya gamsar da shi cewa iska ce ta yi ƙaranci a Accra bana.

Da la'asar yakan rufe shago ya nufi gindin darbejiyar da mazan layin ke zama shan ataya, wato shayin buta. A nan maganar ta tashi, ana saura 'yan kwanaki alhazai su fara dawowa. Cikin masu dawowar har da surukarsa, Hajiya Abibata, mahaifiyar matarsa Fauzia.

"Moro, da me za ka ɗauko surukarka?" in ji Jamal mai aski, wanda shagonsa ke kallon na Moro. "Bara da Hajiyar gidan gaba ta sauka, da baƙar jif surukinta ya ɗauko ta. Kai fa? Trotro, bas ɗin haya, za ka tsayar mata ta rataya a ƙofa?"

Moro ya kurɓi ataya, ya ɗaga kofin yana dubansa kamar mai auna magani.

"Jif? Cale, abokina, jif ai motar jiya ce. Ga ƙara, ga warin fetur. Baiwar Allah ta fito daga Makka da tsarkinta, sai ka turara ta da hayaƙin salansa? Ni da motar lantarki zan ɗauko Hajiya."

"Ta wa?"

"Tawa. Ƙerawa zan yi."

Aka fashe da dariya har mai dafa atayar ya zubar da rabin buta. Moro bai ko yi murmushi ba. Ya ce duk ya gani a waya, kuma ya fahimci abin fiye da waɗanda suka ɗauki hoton. Sirrin motar lantarki, in ji shi, ɗaya ne tak: batir.

"Caji ɗaya, daga nan har Kumasi. Ka sha ruwa ka wuce Tamale. In kuwa ka ɗora mata faifan sola a ka, to kai da gidan mai sai dai gaisuwa daga nesa. Batirin kuma ba ya mutuwa. Ni zan hau, ɗana ya gada, jikana ya kai amarya da shi."

"Batirin wayarka ma kafin azahar yake suma," in ji Jamal.

"Wannan batirin talakawa ne. Ina maganar zaki kana kawo mini kyanwa."

Matsala ɗaya ce: Moro ba shi da mota, ba shi da babur, ko keken da yake da shi an daɗe da cire masa sarƙa an ɗaure ƙofar banɗaki da ita. Amma yana da maƙwabci. Ƙasimu, wani ɗan Nijar mai fataucin albasa, ya tafi gida Galmi ganin iyali da haɗo kaya, ya bar aboboyarsa a ƙofar gida, wato keken nan mai ƙafa uku da akwatin ɗaukar kaya a baya. Da zai tafi ya damƙa wa Moro makulli, ya ce don Allah ya riƙa tada injin lokaci-lokaci kada ya yi sanyi.

Washegari Moro ya tada injin, bai kuma kashe shi ba sai a Abossey Okai, kasuwar kayan mota. Ya ratsa layukan da aka jibge ƙofofi da gilasai da kawunan inji har ya isa rumfar wani dillali mai suna Alu, wanda aka ce masa yana da batirin wata motar lantarki da aka shigo da ita daga Turai a ragargaje.

Alu ya yaye tamfol, sai ga wani baƙin abu mai faɗi kamar murfin rijiya.

"Maigida, bari in gaya maka tsakani da Allah, don kada gobe ka dawo mini da ihu," in ji Alu. "Wannan batirin ya ci zamaninsa. Shekara da shekaru yana yawo, an yi masa caji har ya gaji. Shi batir duk cika da ƙarewar da ya yi tana rage masa kwana. Abin da yake riƙewa yanzu bai kai rabin na da ba. Masu sola ke saye su kunna fitila da talabijin."

"Rabin na mai ƙafa huɗu ai ya yi wa mai ƙafa uku yawa," in ji Moro. "Kuma wanda ya daɗe yana aiki shi ya san aiki. Sabon batir yaro ne, bai san hanya ba."

"To ko ma dai mene ne, kada ka bar shi a rana. Zafi ke kashe shi."

"Abin da zai rayu da rana ka ce a ɓoye shi daga rana? Alu, kai sayarwa ka iya. Cikin abin mu muka sani."

Da aka zo maganar biya, Moro ya nuna injin aboboya ya ce a yi musaya. Alu ya zagaya injin, ya ga lafiyayye ne kamar sabo, ya dubi Moro, ya sake duban injin.

"Naka ne?"

"Na maƙwabcina ne. Ranar da ya dawo har kuka zai yi don godiya."

Alu ya ƙara masa da wata 'yar na'urar juya taya da aka ciro daga mataccen babur na lantarki, da ƙullin wayoyi kyauta. Aboboyar da ta je kasuwa da ƙafarta, a bayan babbar mota aka dawo da ita kamar mara lafiya.

Gidan su Moro gidan haya ne mai ɗakuna a jere da mita ɗaya. Da hantsi, bayan ya gama ɗaure batir a ƙarƙashin akwatin da igiyar shanya, ya jawo waya daga tagar ɗakinsa ya jona. Aka ji wani "fat!" daga wajen mita. Talabijin ɗin mai gida ya mutu ana tsakiyar ƙwallo, keken tela ya tsaya da allura a cikin rigar mutane, wata mai guga ta tsaya da dutse a hannu. Kowa ya ɗauka ɗauke wutar nan ce da aka saba, aka shiga tsine wa masu wuta. Moro ya fi kowa ɗaga murya.

"Ƙasar nan ba za ta gyaru ba! Shi ya sa nake gaya muku sola!"

Ana cikin haka mai gugar ta ce ita fa tana jin rediyo a gidan maƙwabta. Sai kuma aka ji ƙauri. Mai gida, wani dattijo mai sanda, ya bi ƙaurin da hanci, mutanen gida na biye da shi, har ƙaurin ya kai su tagar Moro, inda waya ta narke tana ɗiga kamar alewa.

"Moro, mene ne wannan?"

"Baba, wayar gidanka ce ba ta saba da babban baƙo ba."

"To wallahi baƙon nan ya sake shan wutar gidana, kai da shi za ku kwana a titi."

Moro bai damu ba. Dama shi ba wutar gwamnati ya dogara da ita ba. Ya ɗaga kai sama, idonsa ya sauka a kan faifan solar da ke kan kwanon ɗakinsu.

Faifan na Fauzia ne. Sana'arta burkina, wato gero da nono mai sanyi da ake ƙullawa a gora, kuma da faifan nan da wani ɗan batir take riƙe firizarta ko an ɗauke wuta. A makon nan ta cika firizar maƙil da burkinar da za a ba baƙin da za su zo taryar mahaifiyarta. Moro ya jira ta tafi kasuwar Nima karɓo ankon tarya, ya jingina tsani. Kafin ta dawo faifan ya koma kan wasu sanduna huɗu a saman aboboya, ɗan batirin firiza kuma an ɗaure shi a gefen babban, wai ya zama mataimaki.

"Maigida, me ya sa firizata ta yi shiru?" in ji Fauzia tun ba ta ajiye jaka ba.

"Hutawa take yi."

"Ina faifaina?"

"Ƙarin girma ya samu. Da nono yake yi wa aiki, yanzu Hajiya zai yi wa."

"Moro! Burkinar mutane fa?"

"Kada ki buɗe firizar kawai. Sanyi ba shi da ƙafa, in ba a buɗe masa ƙofa ba ina za shi?"

Fauzia ta ce ya mayar mata da kayanta yanzu-yanzu. Moro ya dafa ƙirji ya ce shi don mutuncin uwarta yake wannan wahala, in kuwa ta fi son a ce Hajiya ta dawo daga Makka a trotro tsakanin kwandon kifi da buhun gawayi, to ta faɗa da bakinta. Fauzia ta yi ƙwafa ta shige ɗaki.

Kwanakin da suka biyo baya aboboya ta wuni a tsakiyar rana tana shan caji. Moro ya yi mata koren fenti, ya rubuta MAAMOBI–TAMALE BA TSAYAWA a gefe. Batirin ya yi zafi har ba a iya taɓa shi, gefensa ɗaya ya kumbura kamar burodin da yis ya yi wa yawa. Jamal ya leƙo daga shago ya nuna kumburin.

"Wannan fa?"

"Ƙoshi ne. Kai in ka ci ka ƙoshi cikinka lotsawa yake yi?"

Sandar birki ta tokare wa batir wuri, sai Moro ya kwance ta ya jefa bayan shago. Ya ce motar lantarki tana da ladabi, da ka ɗauke mata wuta take tsayawa da kanta. Don kada abin taka birkin ya zauna a banza, ya jona shi da hon. Akwai kuma wata 'yar fitila da ke nuna yawan caji, wadda ta nace wa nuna ja. Moro ya yi mata magana, ya ɗan buge ta, ta ƙi. Sai ya ɗiga mata sauran koren fenti, ta koma koriya har abada.

Ranar gwaji mutanen layin suka fito. Moro ya hau, ya gyara hula, ya ce a matsa daga gaba don abin ba ya ƙara, sai dai mutum ya ga an wuce shi. Kowa ya koma baya. Ya murɗa hannu. Aboboya ta yi wani siririn kuka irin na sauro, ta zabura da baya, ta watsa taron, ta je ta rungumi teburin mai shinkafa da wake. Tukunya ta kife, dafaffun ƙwai suka bazu a titi, matar ta biyo shi da ludayi tana zagi da harshe uku.

"Mama, yi haƙuri," in ji Moro yana kare kai. "Mota mai tarbiyya ce. Sai ta fara gaida na baya kafin ta yi gaba."

Ya juya wayoyi biyu, ya ce an gama. Ba a sake gwaji ba, don a cewarsa gwaji ɓarnar caji ne.

Ranar saukar Hajiya aka kafa rumfuna a ƙofar gidanta da ke gangaren layi, aka jera kujerun roba, mata suka sha anko. An ce motar alhazai za ta sauke su a babban titin Nima da safe. Daga nan zuwa gida tafiya ce da tsohuwa kan yi da ƙafa kafin kokonta ya huce, sai dai akwai ɗan tudu a tsakani.

Tun da sassafe aka turo aboboya wurin, don Moro ya ce ba za a taɓa cajin Hajiya ba sai Hajiya ta hau. Ya ɗora kujerar kushin a akwatin baya, ya shimfiɗa darduma. Ya ɗaura fanka, ya ɗaura lasifika tana ta waƙoƙin yabo, ya zagaye faifan da ƙananan fitilu masu walƙiya ido na ganin ido, duk a jikin batir ɗaya. Da ya ga jama'a sun taru suna kallo, kansa ya ƙara girma.

"Duk mai waya ya kawo a yi masa caji kyauta! Wutar da ke cikin nan ta ishi Nima da Maamobi har da rabin Newtown!"

Kafin ka ce me, aboboya ta yi 'ya'ya. Wayoyi sun rataya ta ko'ina, wani ya kawo tocila, wani ya kawo injin aski, wata ta aiko da na'urar markaɗe.

Motar alhazai ba ta iso da safe ba. Ba ta iso da hantsi ba. Sai da aka yi azahar aka idar, fanka ta fara juyi kamar mai jin barci, mawaƙin cikin lasifika ya koma waƙa da muryar tsoho, sannan motar alhazai ta iso ta tsaya.

Hajiya Abibata ta sauko cikin fararen kaya, mace mai jiki da kwarjini, sabon haƙorin Makka na ƙyalli. Ba mai yawan magana ba ce. Mata suka rangaɗa guɗa, aka rungume ta, aka yi kuka aka yi dariya. Moro ya durƙusa har ƙasa, kansa a sunkuye, don duk surutunsa bai taɓa iya haɗa ido da surukarsa ba.

"Hajiya, barka da sauka. An zo lafiya? Ga... ga mota."

Hajiya ta dubi aboboya tun daga taya har faifai. Ta dubi 'yarta. Fauzia ta dubi ƙasa.

"Bismillahi," in ji Hajiya, aka kama ta ta hau.

Aka loda manyan akwatuna, da jarkar zamzam, da buhun dabino, da ƙunshin dardumai. Makaɗa biyu suka ɗare gefe. Hajiya ta buɗe wata ƙatuwar lema da ta sayo a Madina, ta ɗaga ta sama, lemar ta rufe rabin faifan sola.

Moro ya murɗa hannu. Aboboya ta yi tunani, sannan ta motsa. Gaba ta yi wannan karon, jama'a suka yi kabbara. Sai dai tafiyar irin ta hawainiya ce. Masu rakiya suka yi gaba, suka waiwayo, suka dawo, suka sake yin gaba. Wata mai tallan lemo da tire a ka ta wuce su. Dattijon nan mai gidan su Moro ya zo da sandarsa, ya gaida Hajiya, ya tambayi hanya da mutanen Makka, ya yi mata addu'a, ya wuce su.

"Moro, ko Tamalen ce ta matso?" in ji Jamal, yana tafe a gefe hannu a aljihu.

"Tafiyar girma ce. Hajiya ba buhun albasa ba ce da za a yi ta jijjiga ta."

Amma gumi ya fara keto masa. Ya ɗaga kai ya ga lema. Ya yafito Fauzia da ke tafe kusa da shi, ya yi ƙasa da murya.

"Ki ce wa Hajiya ta ɗan rufe lema. Tana tare wa mota abinci."

"Kai ka faɗa mata."

"Haba Fauzia, surukata ce fa!"

Fauzia ta juya. "Mma, wai ki rufe lema, motar na jin yunwa."

"Ki ce masa ni ma tun Jidda rabona da abinci," in ji Hajiya, ba ta ko motsa lemar ba.

Kamar da gayya, sai ga hadari ya taso daga wajen teku ya rufe sauran ranar. Fanka ta tsaya. Mawaƙi ya ja wani dogon baiti ya mutu a tsakiyarsa. Moro ya miƙe tsaye a kan aboboya.

"Jama'a, a taimaka da haske! Duk mai tocila ya haska faifan! Jamal, ɗauko madubin shagonka!"

Abin mamaki, aka yi. Mutanen zango ba sa ƙin abin da za a ba da labarinsa gobe. Aka kewaye aboboya da tocilan waya ana haska sama, Jamal da wani suka kinkimo madubin aski suna neman rana da shi a cikin gajimare. Da rana ta ɗan leƙo, madubin ya kamo ta ya watsa wa Moro a ido, ya kauce ya kusa hawa kan mai gasa masara.

"Nauyi ne ya yi yawa," in ji Moro. "A rage kaya!"

Aka sauke makaɗa. Aka sauke akwatuna, mata suka ɗora a ka. Aka sauke dabino, aka sauke zamzam, aka sauke fanka da lasifika. Ya rage daga Moro sai Hajiya sai kushin. Jama'a suka zuba ido suna jiran su ji wa zai ce a sauke kuma. Moro ya buɗe baki, ya waiwaya, ya ga haƙorin Makka, ya rufe bakinsa.

A daidai gindin tudu aboboya ta yi ajiyar zuciya ta tsaya cak.

"Caji ya ƙare," in ji Jamal.

"Ƙarya ne! Dubi fitila, koriya ce shar!"

A nan ne wani dogon mutum mai rawani da jaka a kafaɗa ya ratso taron. Ƙasimu ne, saukarsa ke nan daga motar albasa, ko gida bai kai ba. Ya tsaya kallon abin mamaki kamar kowa, har yana dariya. Sai idonsa ya sauka a kan wata lotsawa a gefen akwatin, wadda shi da kansa ya yi ta a bara. Dariyar ta tsaya. Ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya daɗe yana leƙe.

"Moro."

"A'a, Ƙasimu! Saukar yaushe? Ya mutanen Galmi?"

"Moro, ina injina?"

"Ai ka huta da sayen fetur har abada. Ban so ka gani ba sai na..."

"Na ce ka riƙa ɗumama shi kada ya yi sanyi. Ina ka kai shi?"

"Yana Abossey Okai. Wurin akwai rana sosai, ba zai yi sanyi ba."

Ƙasimu ya ajiye jaka ya fara naɗe hannun riga. Dattawa suka shiga tsakani, suka ce ya dubi girman Hajiya da ke zaune a sama, a kai ta gida tukuna, in ya so a yi shari'a. Ƙasimu ya gaida Hajiya cikin ladabi, ya ce to a tura, shi ma zai sa hannu, don ya matsu a isa inda za a yi shari'ar.

Majiya ƙarfi suka sa kafaɗa. Ƙasimu na turi yana lissafa wa Moro abin da zai yi masa, Moro na riƙe da kan aboboya yana gaya wa 'yan kallo cewa ba turi ake yi ba, rakiya ce. Da haka aka kai ƙwanƙolin tudu. Daga can ana hango rumfuna da kujeru da baƙi a ƙasa. Masu turi suka saki don su share gumi.

Aboboya ba ta jira su ba.

Ta fara gangarawa a hankali, sannan ta ɗan ƙara, sannan ta tuna cewa ita jinin motar Turai ce. Iska ta cika lemar Hajiya ta fizge ta ta yi sama. Moro ya kashe makulli don mota ta tsaya da ladabinta, mota ta ƙara wuta. Ya taka birki da ƙafa biyu. Ɗan abin da ya rage a cikin tsohon batir, wanda ya ƙi ba taya, sai ya ba hon gaba ɗaya.

"Fiiiiiii!"

Suka wuce mai lemo. Suka wuce dattijo mai sanda. Awaki suka tsallake kwata, masu kujerun gaba suka watse, wani malami da aka gayyato don addu'a ya haye tebur da carbinsa. A bayansu duk unguwa ce ke gudu, mata da akwatuna a ka, Jamal da madubi, Ƙasimu a gaba yana ihu a tare masa aboboya.

Ta kutsa cikin rumfa, ta tafi da kujeru, ta ja igiyar tamfol, sannan tayar gaba ta daki tarin yashin ginin maƙwabta ta nutse. Hajiya da kushin ko gezau. Moro kuwa ya tashi sama ta kan hannun aboboya, ya sauka da kai a cikin babbar robar da aka juye burkinar Fauzia, wadda aka fito da ita daga firiza aka tarar ta yi tsami tana kumfa, aka ajiye gefe ana shawarar yadda za a yi da ita.

Hon ya yi ɗan kukan ƙarshe ya mutu. 

Moro ya ɗago, gero na zuba daga kunnuwansa, nono na ɗiga daga gemu. Ya share ido ya dubi jama'ar da suka iso suna haki.

"Kun ga gudu?" ya ce. "Wa ya ce batirin ya tsufa?"

Ƙasimu ya cafki wuyan rigarsa ta dama, Fauzia ta cafki ta hagu. Kafin ɗayansu ya yi magana, Hajiya Abibata ta ɗaga hannu. Aka kama ta ta sauko. Ta gyara mayafi, ta karkaɗe yashi daga gefen zane, ta tako har gaban surukinta, wanda ya nemi durƙusawa amma masu riƙe da shi suka hana.

"Mijin Fauzia."

"Na'am, Hajiya."

"Gobe za ka tura abin nan da hannunka, kai kaɗai, har inda ka kai injin bawan Allah, ka dawo masa da shi. Faifan 'yata kuma ya kwana a kan kwanonta yau."

"To, Hajiya. Amma da za a ƙara masa caji kaɗan..."

Hajiya ta dube shi har sai da ya haɗiye sauran maganar. Sannan ta juya wajen matan da suka kewaye ta, ta girgiza kai.

"Ku ga ikon Allah," ta ce. "Duk tsakuwar da na tsinta sai da na ƙarar a kan Shaiɗan a Mina. Da na san abin da ke jirana a Maamobi, wallahi da na rago 'yan kaɗan."